Bleach da Nevermind: me ya canza tsakanin albam na farko da na biyu na Nirvana?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce ta kan Nevermind ka fara sanin Nirvana, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka, daga baya ka nemo albam ɗinsu na farko Bleach ka saurara sai ka ji kamar ba mutane ɗaya ba ne, sannan wani ya gaya maka wai Bleach ne ainihin Nirvana, Nevermind kuwa kuɗi da babban kamfani ne suka ɓata su, shi ne kake so ka san wanne ya fi kuma me ya kawo wannan bambancin. To zan ba ka amsa a matsayin wanda ya daɗe yana kaɗa jita yana kuma zama gaban na'urar haɗa sauti, kuma waɗannan albam biyu na saurare su sau ba adadi, wani lokacin don jin daɗi wani lokacin don in gano yadda aka yi wani abu.

Ra'ayina tun daga farko, Nevermind ya fi, kuma ba da kaɗan ba. Amma wanda ya ce maka kuɗi ne ya canza su bai bi tarihin abin ba, domin yawancin abin da kake ji a Nevermind yana cikin kan Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar kuma mai jitarta, tun kafin wani babban kamfani ya san da zamansa, a Bleach ɓoye shi ya yi da gangan.

Bari mu fara da halin da aka yi Bleach a ciki don shi ne ke bayyana rabin sautinsa. Kurt da Krist Novoselic mai jitar bes yaran wani ƙaramin gari ne da ake kira Aberdeen a jihar Washintan ta Amurka, garin masu yankan katako, suka kafa ƙungiyar a 1987. Sun naɗi albam ɗin a wani ɗan ƙaramin situdiyo a Seattle mai suna Reciprocal, a hannun Jack Endino, tsakanin Disamba 1988 da Janairu 1989, aikin duka bai wuce kamar awa 30 ba, kuɗin da aka caje su dala 606 da santi 17. Ko wannan ɗin ma ba su da shi, wani mai jita Jason Everman ne ya biya, shi ya sa za ka ga sunansa da hotonsa a jikin faifan alhali bai kaɗa ko igiya ɗaya a ciki ba. Na'urar naɗin layi takwas gare ta. In ba ka taɓa aiki a situdiyo ba ba za ka gane nauyin wannan maganar ba, layi takwas yana nufin ganguna kaɗai za su cinye kusan rabi, bes ya ɗauki ɗaya, abin da ya rage jita da murya su raba, ba ka da sararin da za ka ce bari in ƙara murya ta biyu a nan in ɗora jita uku a can, sannan agogo yana tafiya kowace awa kuɗi ce. Abin da kuka kaɗa shi za a ji. Kamfanin Sub Pop ya fitar da shi a watan Yuni 1989, kuma kafin Nevermind ya fito abin da aka sayar wajen kwafi 40,000 ne, wanda ga ƙaramin kamfani ba laifi amma duniya ba ta san ana yi ba.

Sai dai ba talauci kaɗai ya sa Bleach ya yi wannan nauyi da duhun ba, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. A wancan lokacin Seattle tana da irin sautin da ake yayi, wanda daga baya aka raɗa wa suna giranj, jita mai gurnani a ƙasa-ƙasa, tafiya a hankali kamar ana jan kaya cikin taɓo, wani abu tsakanin kiɗan ƙungiyar Black Sabbath da kiɗan pank, wato rok mai kaushi da ba ruwansa da kwalliya. Ƙungiyoyi irin su Melvins, waɗanda Kurt ya taso yana bin su yana kallon atisayensu, su Soundgarden da Mudhoney da Tad, wannan ne kasuwar Sub Pop. Yaro ɗan ƙauye ya shigo birni yana so a karɓe shi, me kake zaton zai yi? Zai kaɗa abin da 'yan gari ke so. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya ji matsin lamba ya danne son da yake wa waƙoƙi masu zaƙin kari don ya dace da wannan yanayin, kuma ya ce yawancin baitocin ma a daren da za a shiga naɗi ya rubuta su, wasu a mota a kan hanya, bai ɗauke su da muhimmanci ba. Ka saurari waƙar School, kalmominta ƙalilan ne ana ta maimaita su, duk ƙarfin waƙar yana cikin wannan gajeren kiɗan jitar da ke ta dawowa da kuma ihu. Kuma tana aiki fa, ina son School ƙwarai, haka Blew da ke buɗe albam ɗin da wannan bes ɗin mai kauri da aka sassauta igiyoyinsa ƙasa sosai, haka Negative Creep, haka Love Buzz wadda ma ba tasu ba ce, ta wata ƙungiyar ƙasar Holan ce Shocking Blue suka ɗauko suka sake mata kaya.

Amma in za mu faɗi gaskiya, daga tsakiyar albam ɗin zuwa ƙarshe akwai gajiya. Scoff, Swap Meet, Sifting, za ka ji an samo kiɗan jita mai kyau sai aka rasa inda za a kai shi, ana ta zagaye wuri ɗaya, amshin bai ɗaga ka sama ba, in waƙar ta ƙare ba abin da ya maƙale maka a kai. Ba wai munana ba ne, a'a, irin waƙoƙin da wata ƙungiyar Seattle ta wancan zamanin ma za ta iya yi ne, ba ka jin cewa sai Kurt kaɗai.

Banda guda ɗaya. Waƙa ta uku, About a Girl. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wannan waƙar ita ce Larabar Nevermind. Jita mai tsabta ba gurnani, baitin yana tafiya a kan riƙo biyu kacal, wato yadda yatsu ke danne igiyoyin jita, yana kai da komowa, sai amshin ya juya ya shiga wani wajen da kunnenka bai zata ba amma da ya isa sai ka ji ai nan ne daidai, wannan dabarar ta Beatles ce tsantsa kuma an san Kurt masoyinsu ne tun yana yaro. Ya ce sa ta a cikin albam ɗin kasada ce a wurinsa, yana tsoron yadda 'yan pank za su kalle shi. Ka lura da wannan da kyau, a 1989, ba kuɗi, ba babban kamfani, ba wanda ya matsa masa ya yi abin da rediyo za ta sa, mutumin ya riga ya iya rubuta irin wannan waƙar, tsoro ne ya hana shi cika albam da irinta. To in ana maganar wane albam ne ya yi don ya faranta wa wasu rai, wallahi ana iya cewa Bleach ne.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma ita nake nuna wa duk mai maganar kuɗi. A watan Afrilu 1990 suna nan a ƙarƙashin Sub Pop suka je garin Madison na jihar Wisconsin, situdiyon Smart, wajen mai naɗin sauti Butch Vig, da nufin fara albam na biyu. A wannan zaman suka naɗi In Bloom da Lithium da Polly, da Breed da Stay Away waɗanda a lokacin wasu sunaye suke ɗauke da su. Waƙoƙi biyar kenan daga cikin goma sha biyu na Nevermind, sama da shekara guda kafin a shiga babban situdiyo. Da wannan kaset ɗin ma suka yi ta yawo suna neman babban kamfani don Sub Pop ta shiga matsalar kuɗi kuma faifansu ba ya isa shaguna yadda suke so, har 'yan ƙungiyar Sonic Youth suka yi musu hanya zuwa kamfanin DGC na David Geffen. Wato waƙoƙin ne suka jawo kuɗin, ba kuɗin ne ya jawo waƙoƙin ba. An fitar da wannan naɗin na Smart a bugun cika shekara 20 na Nevermind a 2011, ka nema ka ji, In Bloom tana nan da siffarta, Lithium tana nan. Polly ɗin da ke cikin Nevermind ma ita ce ta wancan zaman ba a sake naɗa ba.

To me ya canza kenan? Abu na farko kuma mafi girma a kunnena, mai ganga. A Bleach yawanci Chad Channing ne, wasu 'yan waƙoƙi kamar Floyd the Barber da Paper Cuts kuma Dale Crover na Melvins ne daga wani tsohon naɗi na farkon 1988. Chad ba ya kaɗa shirme, yana da dabara, har Dave Grohl, mai gangar Nevermind, da kansa ya yaba masa a bainar jama'a a 2014 ya ce wasu jujjuyawar gangar In Bloom na Chad ne shi ɗauka ya yi ya riƙe. Amma hannun Chad ba shi da nauyi, kuma wani lokacin za ka ji kamar gangar tana bin jita a baya. Grohl ya shigo a ƙarshen 1990 bayan ƙungiyarsa Scream ta watse, Buzz Osborne na Melvins ne ya haɗa su, kuma yaron yana dukan ganga kamar yana da bashi a kanta, kowane duka da nauyi ɗaya, lokaci ba ya motsi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ba yawan duka yake yi ba, abin da yake kaɗawa mai sauƙi ne, irin wanda za ka iya rerawa da baki. Shigowar ganga a farkon Smells Like Teen Spirit, ko wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai iya kwaikwayonta a kan tebur. Mai ganga irin wannan yana ba marubucin waƙa 'yanci, don in ka san akwai wanda zai tayar da gini a bayanka in amshi ya zo, ba ka buƙatar cika baiti da hayaniya, za ka iya yin shiru ka jira. Ga shi kuma yana iya waƙa, muryar da ke bin ta Kurt daga sama a amshin In Bloom tasa ce.

Wannan ya kai mu abu na biyu, tsarin sanyi da zafi. A Bleach yawancin waƙoƙi da ƙarfi suke farawa da ƙarfi suke ƙarewa, kuma kunne yana sabawa, bayan minti biyu ƙarar ba ta ƙara razana ka. A Nevermind sai suka koyi janye hannu. Baitin Teen Spirit bes ne da ganga da ɗan sautin jita guda biyu da ke faɗowa jefi-jefi, fili fetal, sai a fara ɗagawa a hankali, sai amshi ya faɗo maka gaba ɗaya. Lithium haka, In Bloom haka. Kurt bai ɓoye ba cewa wajen ƙungiyar Pixies ya ɗauko wannan salon, ya faɗa a hira cewa ƙoƙarin kwaikwayonsu yake yi lokacin da ya rubuta Teen Spirit. A aikin sauti wannan abu ne da muke gani kullum, ƙara ba ta da ma'ana sai in akwai shiru kusa da ita, in ka duba ma'aunin na'ura za ka ga amshin bai fi Negative Creep ƙarfi ba amma a jiki ya fi ta duka sau biyu saboda inda aka fito. Kuma ka lura ko da ya zo wajen da masu jita ke nuna gwaninta a tsakiyar waƙar, bai yi gudun yatsu ba, karin baitin kawai ya sake kaɗawa da jita, don ya san karin shi ne dukiyar.

Na uku shi ne situdiyo da mutanen da suka yi aikin, kuma a nan ne kuɗi ya shigo da gaske, ba zan musa ba. A watan Mayu 1991 suka shiga Sound City a unguwar Van Nuys ta Los Anjalis a Kalifoniya, kasafin da aka fara da shi dala 65,000, wato sama da ninki ɗari na Bleach, layi 24, babban ɗaki da aka san shi da daɗin sautin ganga, ga teburin haɗa sauti na Neve, ga makonni a hannu ba awanni ba. Butch Vig shi kansa mai ganga ne don haka ya san abin da yake nema, har wani dogon rami ya haɗa a gaban babbar gangar ƙafa ya sa makirfo a ƙarshensa don ya kamo zurfinta. Babban yaƙinsa da Kurt shi ne maimaita naɗi, Kurt ba ya so, yana ganin hakan ha'inci ne ga tsarin pank. Vig ya san yana ƙaunar John Lennon na Beatles sai ya ce masa ai Lennon ma yana rera waƙa sau biyu a ɗora ɗaya kan ɗaya, da haka ya shawo kansa. Wannan ɗora murya biyun shi ne sirrin kaurin da kake ji a amshi, muryar tana faɗi tana cika kunnuwa biyu. A Drain You kuwa jita wajen biyar aka jera, wani lokacin Vig sai ya ce masa waccan ba ta naɗu da kyau ba a sake, alhali ajiye ta yake yi yana tarawa. Come as You Are kuma wannan sautin kamar jitar tana cikin ruwa wata 'yar na'urar takawa ce mai suna Small Clone.

Amma kar ka ɗauka komai ado ne. Something in the Way, wadda a wurina tana cikin mafi kyawun abin da suka taɓa yi, an gwada ta da cikakkiyar ƙungiya ta ƙi, sai Kurt ya shigo ɗakin na'ura ya kishingiɗa a kujera da wata tsohuwar jitar katako mai igiya biyar da ba ta riƙe saiti, ya fara rerawa can ƙasa kamar raɗa, Vig ya kashe na'urar sanyaya ɗaki da wayoyi ya jawo makirfo ya naɗa a haka. Daga baya aka sha wahala wajen ɗora ganga da bes da babban gogen nan na Turawa a kai saboda ba ta tafiya daidai da agogo kuma saitin igiyar ba daidai yake ba, dole kowa ya bi ta a yadda take. Territorial Pissings kuma kai tsaye aka soka jitar cikin tebur ba a bi ta lasifika ba don ta yi wannan ƙazamin sautin, kuma kana jin muryarsa tana yagewa a ƙarshe ba a gyara ba. Breed ma in ka sa ta kusa da Negative Creep za ka ji jini ɗaya ne. Wato zafin Bleach bai mutu ba, an dai ba shi wurin zama a cikin gida mai ɗakuna da yawa.

Inda masu sukar Nevermind suke da gaskiya shi ne haɗin sauti na ƙarshe. Bayan an gama naɗi ba a gamsu da haɗin farko ba sai aka kawo Andy Wallace, wanda ya yi aiki da ƙungiyar Slayer, kuma Kurt ne ya zaɓe shi daga jerin sunayen da aka ba su. Wallace ya goge komai ya yi ƙyalli, ganga ta ƙara haske da faɗi, jita ta yi santsi, murya ta fito gaba, irin haɗin da in an sa a rediyon mota zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da kowace babbar waƙa ta lokacin. Ni kaina akwai wuraren da nake jin ƙyallin ya yi yawa, musamman a kan ƙaramar gangar tsakiya, tana da wani sheƙi da ke tuna maka shekarar da aka yi ta, alhali busasshen sautin Endino a Bleach bai tsufa haka ba don tun asali bai yi kwalliyar zamani ba. Kurt ma daga baya ya ce yana jin kunyar yadda aka gyara albam ɗin, ya ce ya fi kama da faifan Mötley Crüe fiye da na pank. Sai dai Vig da Wallace duk sun ce a lokacin da aka gama ya nuna yana so, bayan abin ya fashe ne ya fara ja da baya, kuma ina ganin wannan tsohon tsoron ne na About a Girl ya dawo masa, tsoron kar mutanensa su ce ya bar su. A babban bugun 2011 akwai haɗin da Vig ya yi da kansa kafin Wallace, in ka saurara za ka ji ya fi kaushi, iska ta fi shiga tsakanin kayan kiɗan, amma waƙoƙin su ne dai, ba abin da ya ragu daga ƙarfinsu. Wannan ya nuna maka fentin daban ginin daban.

Ta fuskar baitoci ma akwai tazara. Har a Nevermind yana rubuta wasu a kurarren lokaci, kuma da yawa guntaye ne da aka harhaɗa ba labari ɗaya ba, amma yanzu akwai mutane a cikinsu. Polly ta samo asali ne daga labarin gaskiya na wata yarinya da aka sace aka azabtar a jihar Washintan a 1987, ya rubuta ta da bakin mugun, cikin murya mai sanyi ba ihu, kuma wannan sanyin ne ke sa tsigar jiki ta tashi. Lithium mutum ne da ya rasa komai ya kama addini don kar ya zauce. In Bloom tana magana a kan mai sauraron da ke rera amshi bai san abin da ake nufi ba. A Bleach fushi ne kawai ke fita ta ko'ina, a nan kuwa ya san wa yake kallo.

Akwai abin da ake yawan faɗa a harkar rok, wai albam na biyu shi ne ke kayar da ƙungiya, saboda na farko ka yi shekaru kana tara waƙoƙinsa kana gwada su gaban mutane, na biyu kuwa cikin 'yan watanni ake so, kana yawon wasa a gajiye, kamfani na jiran ka maimaita nasarar jiya. Yana faruwa. The Stone Roses sun fitar da na farko a 1989 aka yi ta yabo, rikicin kotu da kamfani da jan ƙafa suka sa na biyu bai fito ba sai ƙarshen 1994 lokacin kasuwa ta riga ta tashi. The Strokes kuma da suka fitar da na biyu a 2003 sukar da aka fi yi musu ita ce ya yi kama da na 2001 da yawa. Nirvana ba su faɗa wannan ramin ba saboda dalili mai sauƙi, Bleach bai yi nasarar da za a ce su maimaita ba. Ba wanda ke jiransu. Sun samu sama da shekara biyu suna yawo a mota suna wasa a ƙananan wurare a Amurka da Turai, har da zagayen da suka yi da Tad a ƙarshen 1989, suna gwada sababbin waƙoƙi gaban mutane suna ganin wadda ke tayar da ɗaki, ita kanta Teen Spirit sun kaɗa ta gaban jama'a a Seattle a watan Afrilu 1991 kafin su naɗe ta. Shi kansa DGC bai sa dogon buri ba, kwafi dubu 46 da ɗoriya aka fara rabawa shagunan Amurka ranar 24 ga Satumba 1991, fatansu ya kai kamar 250,000 irin na Sonic Youth. Sai tashar talabijin ta MTV ta kama bidiyon Teen Spirit tana ta sawa, kafin ka ce kwabo a watan Janairu 1992 albam ɗin ya ture Dangerous na Michael Jackson daga lamba ɗaya a jadawalin Billboard, yau ana maganar sama da kwafi miliyan 30 a duniya. Wannan guguwar ce ma ta ja Bleach aka sake buga shi a 1992 ya zama faifan da Sub Pop ta fi sayarwa a tarihinta, ya taimaka wajen fitar da kamfanin daga halin da yake ciki.

Nauyin da ake cewa yana kan albam na biyu, su a kan na uku ya sauka. Shi ya sa a 1993 suka tafi wajen Steve Albini a wani situdiyo a jihar Minnesota suka naɗi In Utero cikin kamar mako biyu, da gangan suka nemi kaushi da sautin ɗaki ba kwalliya. Amma ka saurare shi da kyau, ba su koma Bleach ba, ba za su iya ba ma, don rubutun waƙar na Nevermind ne aka cire masa ƙyalli, kari yana nan, sanyi da zafi suna nan, Grohl yana nan.

Shawarar da zan ba ka, kar ka saurari Bleach daga farko zuwa ƙarshe kana jiran ya ba ka abin da Nevermind ya ba ka, za ka gaji ka ajiye. Ka ɗauki Blew, About a Girl, School, Love Buzz da Negative Creep ka zauna da su kwana biyu da abin sauraro mai kyau a kunne, ka bi bes ɗin Krist musamman, don a wannan albam ɗin shi ne ke riƙe da yawancin waƙoƙin. Daga nan ka nemi Sliver, wadda suka fitar ita kaɗai a 1990 da Dan Peters na Mudhoney a kan ganga, ita ce gadar da ke tsakani, a nan za ka ji Kurt ya daina jin kunyar zaƙi. Sai naɗin Smart, sai ka dawo Nevermind, wallahi za ka ji shi da sabon kunne. In ka gama ka kalli wasan da suka yi wa MTV da jitocin katako a watan Nuwamba 1993, watanni kaɗan kafin rasuwar Kurt a Afrilu 1994. Duk da manyan waƙoƙin da duniya ta san su da su, da About a Girl ya buɗe wasan, ya gaya wa mutanen ɗakin cewa daga faifansu na farko take wanda yawancin mutane ba su da shi, sannan ya fara kaɗa waɗannan riƙo biyun.